Bayyina Kafin Hukunci: Abin da Masu Ban-Ruwa a Watari Za Su Koya Daga Injin Jirgin Sama

Duk wanda ya san ƙasar Bagwai da rani, tun daga ranar da aka kawar da amfanin damina har zuwa faɗuwar ruwan farko, ya san akwai wata ƙara da ba ta yankewa a gefen madatsar ruwa ta Watari da magudanan da ke fita daga cikinta, wato ƙarar ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur, waɗanda a yau su ne magadan jigo, kuma a kansu ne shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasar magidanta masu yawa suka dogara. Madatsar an gina ta ne a ƙarshen shekarun 1970. Injinan kuwa sun fara shiga fadamun Kano cikin shekarun 1980 ta hannun hukumar raya aikin gona ta KNARDA, sa'an nan shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya ƙara watsa su, har ya zamana yaron da bai taɓa ganin jigo da idonsa ba ya iya jan igiyar inji tun kafin ya sauke izu biyar.

Amma abin da na lura da shi, wanda kuma shi ne musabbabin wannan rubutu, shi ne mun karɓi injin hannu bibbiyu, ba mu karɓi ilimin ciwonsa ba. Da zarar ya fara tari, ko ya riƙa tashi yana faɗuwa, ko ya yi aiki na ɗan lokaci ya mutu, sai a ɗaure shi a bayan babur a nufi wurin bakanike, shi kuwa tun ba a gama kwance igiyar ba ya riga ya yanke hukunci: ringi ne, ko kafireto ne ya mutu, ko kuwa sai an sauke injin baki ɗaya. A sayo sabon kaya a ɗaura, a mayar da shi gona, bayan kwana biyu ciwo ya dawo yadda yake, domin abin da aka canza lafiyarsa lau, mai laifin ainihi kuwa yana nan kwance a gindin tanki ba wanda ya tambaye shi. Ra'ayina a wannan mas'ala, in faɗe shi tun da wuri, shi ne bai halatta a yanke wa inji hukunci ba sai da bayyina, kamar yadda alƙali adali ba ya yanke wa mutum hukunci bisa zato. Kuma waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni, saboda su kuskurensu ba shi da gyara, su ne masu kula da injin ƙaramin jirgin sama, waɗanda ba sai mun je Turai neman su ba, ga su nan a Zariya.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, kowane ɗayansu da inji guda mai fiston da farfela a goshi. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ɗalibai suka yi shekaru suna koyon tashi da sauka a ƙananan jirage ƙirar Tampico na Faransa masu injin Lycoming na Amurka, kafin a kawo musu ƙirar Diamond. Kuma duk shekarar da jan-baki ya yi wa gero da shinkafa dirar mikiya a jihohin Arewa, ƙananan jirage ake nemowa su yi feshi, saboda haka ko manomin da bai taɓa taka filin jirgi ba yana da rabo a cikin lafiyarsu.

Injin Lycoming ɗin nan, in an ɗebe girma da tsada, jinsinsa ɗaya da injin ban-ruwa. Silinda huɗu gare shi maimakon ɗaya, amma iska ce ke sanyaya shi, fetur yake sha ta kafireto, wutarsa kuma daga magineto take fitowa ba daga batir ba, daidai da yadda injin ban-ruwa ke haifar da tasa wutar idan an ja igiya. Sharuɗɗan rayuwarsu ma ɗaya ne: mai tsarkakakke gwargwadon buƙata, iska marar ƙura, tartsatsin wuta a kan lokacinsa, da matsi a cikin silinda. Inda suka rabu shi ne, idan na ban-ruwa ya mutu manomi tsaki zai yi ya nemi inuwa, idan kuwa na jirgi ya mutu a sama babu gefen hanyar da za a raɓe a buɗe shi. Wannan larura ce ta tilasta wa mutanen jirgi suka mayar da binciken ciwon inji wani ilimi mai usulubi da tartibi, wanda ake koyarwa, ake jarrabawa a kansa, ake kuma karɓe takardar wanda ya saɓa masa.

Ga yadda al'amarin yake. Man ƙaramin jirgi a cikin fikafikansa ake zuba shi. Idan fiffiken a saman jirgin yake, nauyin man kansa yakan isa ya gangaro da shi zuwa kafireto. Idan kuwa a ƙasa yake, kamar na Tampico ko Piper Cherokee, to, wajibi ne a sami famfon da zai tura shi, kuma saboda ihtiyaɗi sai aka yi famfunan biyu, ɗaya injin ne ke juya shi, ɗaya na lantarki ne na ko-ta-kwana wanda ake kunnawa lokacin tashi da sauka. A gaban matuƙi akwai agogon da ke nuna ƙarfin turin man da ma'aunin da suke kira psi. A Cherokee mai kafireto, iyakar da aka yarda allurar ta zauna daga rabin psi ne zuwa 8. A injin Lycoming da ake fesa wa mai kai tsaye ba ta kafireto ba kuwa, ana buƙatar 14 ko fiye.

To, a ƙaddara allurar nan ta fara faɗuwa. Wanda bai ƙware ba nan take zai ce famfo ya mutu, alhali kuwa injiniyan jirgi abin da zai fara yi shi ne tazkiyyar shaida, domin agogo shaida ne, shaida kuwa ba a gina hukunci a kan maganarsa sai an tabbatar da adalcinsa. Idan allura ta faɗi amma muryar inji ba ta sauya ba, zafinsa bai ƙaru ba, gudunsa bai ragu ba, to, la'alla agogon ne ke ƙarya, ko wayarsa ta saki. Sai a ɗaura wani agogo amintacce kai tsaye a kan tiyon mai a gwada maganar biyun. Idan ta tabbata agogon gaskiya yake faɗa, sai a kunna famfon lantarki. In ƙarfin ya dawo, inji ya daidaita, tuhuma ta koma kan famfon da injin ke juyawa, ko kan tururi a cikin tiyo. In kuwa famfunan biyu tare sun kasa ɗaga allurar, to, da wuya su mutu rana ɗaya, illar tana bayansu, tsakanin tanki da matata. Sa'an nan a juya makunnin mai daga tankin hagu zuwa na dama, in ya gyaru a ɗaya bai gyaru a ɗaya ba, an san a wane fiffike za a nema. Mai karatu ya lura, kowane mataki yana sallamar rabin waɗanda ake tuhuma, alhali har yanzu ba a kwance noti ɗaya ba, ba a kashe ko kwabo ba.

Masu laifin da akan kama a ƙarshen irin wannan bincike, sau da yawa, ƙanƙantarsu har ta kan ba da kunya. Na farkonsu zanzaro ne. Tanki dole ya shaƙi iska gwargwadon man da ke fita daga cikinsa, saboda haka aka yi masa ɗan siririn bututun numfashi. Zanzaro kuwa, da yake ba ya ganin rami ya ƙyale, sai ya cika shi da laka ya yi ɗaki. Jirgi ya tashi lafiya, bayan 'yan mintoci tankin ya fara riƙe mansa, allura ta yi ta sauka a hankali, in Allah ya sa an sauka lafiya aka buɗe murfin tanki iska ta shiga, sai duk gwajin da aka yi a ƙasa ya nuna babu komai. Na biyu zafi ne: a tsakiyar bazara, idan jirgi ya sauka ya ɗan tsaya, zafin inji yakan tafasa man da ke cikin tiyo ya zama tururi, famfon da aka ƙera don tura ruwa-ruwa kuwa ba ya iya tura tururi, sai allura ta yi ta rawa, fetur ɗin mota ya fi na jirgi saurin yin haka, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a zuba shi sai a injin da aka yi wa izini. Akwai kuma ɗan tsagu a tiyon da ke tsakanin tanki da famfo, wanda ba ya ɗiga balle a gan shi, domin wurin zuƙa ake yi ba turi ba, iska ce ke shiga. Akwai matatar da ta cika da datti rabi, wadda ke barin man da ya ishi inji idan yana aiki a hankali, ta kasa ba shi na ƙoshi idan an buɗe masa wuta, shi ya sa gwajin da aka yi inji na zaune ba hujja ba ne a kan abin da zai yi yana ɗauke da kaya.

Ba kuma kowace karkarwar inji ce ta mai ba, nan ne ma hikimar maƙeran ta fi burge ni. Kowace silinda sun ba ta fulogi biyu, kowane fulogi da maginetonsa dabam. Kafin kowane tashi, matuƙi yakan tsaya a bakin titin jirgi ya taka birki, ya ɗaga gudun injin, a wasu ƙirar Cessna 172 zuwa juyi 1,800 a minti, ya kashe magineto ɗaya ya saurara, ya mayar, ya kashe ɗayan. Littafin jirgin ya ƙayyade kada raguwar ta wuce juyi 150, kada bambancin biyun ya wuce 50. In inji ya yi karkarwa a kan magineto ɗaya kaɗai, mai ya kuɓuta daga tuhuma, laifin na wuta ne, galibi ma fulogi ne dalma ta toshe, da yake man ƙananan jirage, wanda ake rina shi shuɗi ake kira 100LL, akwai dalma a cikinsa. In kuwa ya yi karkarwa a kan duka biyun, sai a koma kan gaurin mai da iska, ko bawul da ke maƙalewa.

Abin da zai fi ba mutumin Kano mamaki shi ne ƙanƙara. Iskar da ke ratsa ƙunƙuntar maƙogwaron kafireto, haɗe da fetur da ke zama tururi a wurin, tana iya sanyaya shi da digiri ashirin ko fiye, ta yadda a ranar marka mai laima, mutane na yawo da riga ɗaya, ƙanƙara za ta iya taruwa a ciki ta shaƙe inji. Maganinta wani hannu ne da ake ja ya shigo da iska mai ɗumi. Amma da an ja shi karkarwar sai ta fara ƙaruwa, domin ƙanƙarar ta narke ruwanta yana bi ta cikin inji, mai gaggawa sai ya firgita ya mayar da hannun, ya kori maganin yana tsakiyar aiki. Haka nan a wasu injinan da ake fesa wa mai kai tsaye, inda agogo ke ƙiyasta yawan man da ke tafiya daga ƙarfin turinsa, idan bakin feshi ɗaya ya toshe sai agogo ya nuna wai mai ya ƙaru, alhali silinda guda tana fama da yunwa. A nan shaidan bai yi ƙarya ba, mai sauraron ne bai san ma'anar maganarsa ba.

Amma babban abokin gaba, a sama da ƙasa, ruwa ne. Litar man jirgi nauyinta kamar giram 720 ne, ta ruwa 1,000, don haka ruwa ba ya gauraya da shi, gindin tanki yake sauka ya kwanta daidai inda tiyo ke ɗiba. Yana shiga ta raɓar da ke taruwa a tankin da aka kwana da shi rabi, ko ta murfin da robarsa ta mutu, ko ya zo tun daga motar dakon mai. Saboda haka aka wajabta wa kowane matuƙi, kafin tashin farko na yini da kuma bayan kowane shan mai, ya tsiyayi kaɗan daga mafi ƙasƙancin wuri a tanki cikin wani ɗan kofi mai haske, ya ɗaga shi ya dubi launi, ya sansana, ya duba ko akwai ƙwayar ruwa a gindi. Aiki ne na minti biyu, kuma babu matuƙin da ya yi girman da za a ɗauke masa shi. A watan Yuli na 2023 an sami ruwa mai yawa a tankin wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 737 a filin jirgin Yola, Allah ya sa yana ƙasa, har hukumar kula da sufurin sama ta NCAA ta dakatar da jirage masu wannan ƙira na kamfanin da ya mallake shi, ta shiga binciken masu sayar da man. A ƙarshen 1999 da farkon 2000, a Ostireliya, wani sinadari da ya kuɓuce daga matatar mai ya shiga man ƙananan jirage, ya riƙa haifar da wani baƙin datti a hanyoyin mai, sai da aka hana dubban jirage tashi aka wanke su. Mu ma ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar, motoci suka lalace, layin gidajen mai ya koma kamar na zamanin soja. A duk waɗannan, wanda ya ce a sauke inji tun bai dubi man ba ya zalunci injin.

Yanzu mu komo gida. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur farashi ya ninka ya sake ninkawa, manomin Watari ba ya cika jarka ya ajiye, lita biyu ko uku yake saye a kwalba wurin 'yan bumburutu, kuma wannan man kafin ya iso gare shi ya bi ta tankin ƙarƙashin ƙasa, da durom mai tsatsa, da jarkar da jiya aka ɗebo gas ko ruwa da ita, da mazurarin da ya kwana a ƙura. Ba na cewa duk mai sayar da mai a kwalba maha'inci ne. Mafi yawan abin gafala ce ba mugunta ba, kuma ba domin su ba da gonaki da yawa sun bushe kafin a je gidan mai a dawo. Wanda ya gauraya da gangan kuwa ya yi algus, hukuncinsa sananne ne wurin malamai, ba sai na tsawaita ba. Abin nufi, manomi shi ne mai tsaron ƙofa na ƙarshe, kuma kayan aikin da yake buƙata ba su fi ƙarfinsa ba. Farar kwalba mai tsabta ta ishe shi: ya zuba man ya bar shi ya natsa, nesa da wuta da taba, in akwai ruwa zai gan shi a gindi. Ya ɗiga kaɗan a farar takarda, fetur zalla yakan bushe bai bar tabo ba, mai gaurin kananzir ko gas yakan bar maiƙo. Ya tace da kyalle mai tsabta a bakin mazurari. A ƙarƙashin makunnin mai na yawancin injinan nan akwai wani ɗan kofi da aka yi musamman don tara datti da ruwa, wanda mutane da yawa suke rabuwa da injin ba su taɓa kwance shi ba.

Sauran tambayoyin ma da za a yi wa injin ban-ruwa ƙannen waɗanda ake yi wa na jirgi ne. In yana aiki na ɗan lokaci ya mutu, a sassauta murfin tanki a gani, in ya farfaɗo to hujin murfin ne ya toshe. In ba ya zama sai an ja cok, mai ne ya yi masa kaɗan, ko ƙaramar kafar kafireto ta toshe ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. In yana baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa ko matatar iska ta sha ƙurar hunturu. In yana mutuwa farat ɗaya ba tari ba gargaɗi, a dubi baƙin mai da kuma inda aka girke shi, domin da yawansu an yi musu na'urar da ke kashe su idan baƙin mai ya yi ƙasa, inji kuwa in an ajiye shi a karkace a gangaren magudana yakan ruɗe ta. Sharaɗi guda ne a cikin duk wannan, shi ne a taɓa abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Wanda ya canza fulogi da kafireto da ringi a zama ɗaya, ko da injin ya tashi, bai san abin da ya warkar da shi ba, kuma ya biya kuɗin uku a kan ɗaya.

A nan ya wajaba in yi wa kanikawa adalci, domin akwai su a garuruwanmu masu basirar da in da sun sami makarantar Zariya da sun zama abin kwatance, suna jin ciwon inji da kunne tun daga nesa. Laifin da nake gani rabinsa namu ne mu masu kai gyara. Mun saba biyan gumi da kaya, ba mu saba biyan tunani ba. Idan bakanike ya saurari inji, ya hura murfin tanki ya miƙo maka cikin minti biyu ya nemi hakkinsa, sai ka ce me ya yi. Idan kuwa ya baje shi a kan buhu tun hantsi har la'asar, ya aike ka Bichi ko Kano sayen kaya, sai ka biya kana godiya. To, wa ya koya masa saukar inji in ba mu ba? Abin baƙin cikin ma shi ne sau da yawa kafireton asali mai inganci ake cirewa a jefar a ɗaura jabu a madadinsa, injin ya fita daga gareji ya fi yadda ya shiga rauni. Mutanen jirgi sun daɗe da gane cewa gano ciwo shi ne aikin, ɗaure noti kuwa kowa ya iya, kuma a kan haka suke biya. Har sai mun yarda a sa wa bincike kuɗinsa dabam, ko an canza kaya ko ba a canza ba, ba mu da bakin zargin kowa.

Sai maganar littafi. Kowane injin jirgi yana da littafinsa da ke bin sa tun daga maƙera har ranar da za a yi ritayarsa, a ciki ake rubuta sa'o'in da ya yi aiki, da duk abin da aka taɓa a jikinsa, da sa hannun injiniya mai lasisi wanda zai amsa tambaya in wani abu ya faru. Ana duba shi bayan kowace sa'a 50 da kowace 100, irin na Tampico kuma maƙeransa sun ƙayyade a sauke shi a sabunta bayan sa'a 2,000 ko da lafiyarsa lau. Ba na neman manomi ya yi duk wannan. Amma ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, da boko ko da ajami, wanda za a riƙa sa ranar da aka canza baƙin mai, da wurin wanda aka sayi fetur, da abin da injin ya yi ranar da ya yi tari, zai nuna cikin rani guda abin da ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba, misali cewa duk ranar da aka sayi mai a wuri kaza washegari sai inji ya shaƙe. Mu da muke rubuta bashin taki da ranar suna, ban ga dalilin da zai sa mu bar tarihin injin da ke ciyar da gida a hannun mantuwa ba.

Na san za a ce mini lalacewar inji ƙaddara ce, kuma injin ban-ruwa ba ya kisa balle a yi masa tsananin da ake yi wa jirgi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma babu malamin da ya karantar da mu cewa riƙo da sababi yana warware tawakkali, bal ma barinsa ne ake kira sakaci. Game da kisa kuwa, a tambayi wanda ya ci bashi ya dasa tumatir, inji ya kwana uku a gareji cikin zafin Maris ana neman ciwon da ba shi da shi. Ban da haka, ruwan Watari ba amfanin gona kaɗai yake ɗauka ba, yana ɗaukar rayuka. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwan da ya taso daga Badau ya kife a madatsar, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ƙanana, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Abin da hukumomi suka ambata a lokacin shi ne lodi fiye da ƙima, ba kuma ina ɗora wa inji ba ne. Sai dai mai karatu ya sani, a cikin abin da aka wajabta wa matuƙin ƙaramin jirgi kafin ya tashi har da lissafin nauyin mutane da kaya da mai, in ya wuce abin da littafi ya ƙayyade dole wani ya sauka, ko wane ne shi. Jirgin ruwa a tsakiyar madatsa hukuncinsa ɗaya da jirgin sama, shi ma ba shi da gefen hanya, don haka a wurinsa duba mai da ƙidayar fasinja ba mustahabbi ba ne, farilla ne.

Kirana ga Ƙaramar Hukumar Bagwai da sashenta na aikin gona shi ne, kafin a saki ruwan rani mai zuwa, su tara kanikawa da shugabannin masu ban-ruwa da matuƙan jiragen ruwa, su roƙi Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da sana'o'i da ke maƙwabtaka da mu a Bichi ta ba da malamai da ɗaki, a gayyato injiniya ko da guda ɗaya daga makarantar Zariya ya nuna musu tartibin nan da inji a gabansa, da Hausa. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da ingancin mai, ta tuna gidajen man ƙauye ma a ƙarƙashinta suke, ta riƙa zuwa tana auna ruwan da ke gindin tankunansu, musamman bayan damina. Limamai su taɓo algus a mai cikin huɗuba kamar yadda suke taɓo tauye mudu. Kai kuma ɗan'uwa mai inji, ran da ya sake yin tari, kada ka ɗaure shi a babur sai ka tsiyayi mansa a farar kwalba ka duba, ka sassauta murfin tanki, ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunni. In ka kai shi gareji bayan haka, ka tambayi bakanike hujjarsa kafin ya ɗauki sifana, in ya kawo ta kuma ka biya shi hakkinsa cikakke.